Tambayoyinku: Baƙuwata ta ji kukan matar maƙwabci, ni kuma kunya ta kasheni

Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Abuja, muna koyarwa tare da wata baturiya 'yar Ingila, ta dameni tana son ganin Kano shi ne na taho da ita gidanmu cikin gari hutun ƙarshen mako. Ranar asabar mun hau Dala, mun shiga Kurmi, mun je marinar Ƙofar Mata har ta sayi zani, komai lafiya lau sai da dare wajen sha ɗaya muka fara jin ihu ta katanga, maƙwabcinmu ne ke jibgar matarsa tana cewa ka yi haƙuri yara na kuka. Baƙuwar ta miƙe wai a kira 'yan sanda, Hajiyarmu ta ce in ce mata ta zauna, tsakanin miji da mata sai Allah, gobe ma za ki gansu suna dariya. Da safe ko kunun gyaɗar bata sha ba, a mota ta tambayeni wai al'adarku ce wannan? Wallahi Anti na rasa amsa. Me zan ce mata dan Allah, kar ta tafi da mummunan zato a kanmu?
Daga wata malama, cikin birnin Kano

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki har ƙarshe ina jira in ji ya matar ta kwana, ko an leƙa ta da safe, ko ta ji ciwo, shiru. Duk damuwarki na kan baturiya. Ita baturiyar ta koma Abuja da zaninta, waccan kuwa tana nan bayan katangarku.

Amsar baƙuwarki ba wuya, ki faɗa mata gaskiya. Duka ba addininmu ba ne, Nana A'isha ta ce Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba, yana nan cikin Sahihu Muslim, kuma shi ya ce mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa. Amma shirun da muke yi namu ne, wannan kar ki musa mata. Mu ne in yarinya ta yi yaji ta zo da kumburarren ido muke dafa mata ruwan zafi mu ce aure ɗan haƙuri ne, uba ya ce kar ta kwana masa a gida. Kuma ba mazan kaɗai ba fa, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya da kansu suna ganin akwai dalilin da zai sa miji ya daki matarsa, irin ta ƙona abinci ko ta fita ba izini. Hajiyarku ba muguwa ba ce, a haka aka raine ta.

Doka ma ta taimaka wajen ɓata lamarin, tsohuwar dokar Penal Code ta Arewa a sashe na 55 ta bar wa miji ƙofar "gyara" matarsa in dai bai yi mata mummunan rauni ba. A 2015 aka sa hannu kan dokar VAPP da ta haramta cin zarafi a cikin gida, sai dai ita kai tsaye Abuja ta shafa, sauran jihohi sai kowacce ta karɓa da kanta. Sarki Muhammadu Sanusi II kuwa ya daɗe yana wannan faɗan, a Disamban 2024 a wani taro a Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) har cewa ya yi yana gaya wa 'ya'yansa mata in miji ya mare su su rama, kin dai ga yadda Facebook ta kama da wuta a lokacin. Ni ban ce a rama ba, ƙarfin ba ɗaya ba ne, ana iya rasa rai.

Toh yanzu abin yi. Ki sa Hajiya ko wata yayarku ta shiga gidan da rana lokacin da maigidan ya tafi kasuwa, kamar an je gaisuwa ko aron turmi, a tambayeta ita me take so, kar a yanke mata hukunci kuma kar a kai zancen majalisar ƙofar gida don in ya ji a bakin mutane ita zai huce a kai. In akwai rauni ta je asibiti a rubuta, ta adana takardar da hotuna a wayar wata ba tata ba. Daga nan sai waliyyinta, in su ma haƙuri kawai za su bata akwai mai unguwa da limamin masallacinku, akwai Hisbah da ke zaman irin wannan sulhu kullum, akwai lauyoyi mata na FIDA. Abinda mata da yawa basu sani ba shi ne a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, in mace ta tabbatar da cutarwa alƙali na iya raba auren ba sai ta biya kuɗin khul'i ba, kuma a nan shaidar maƙwabta irinku da kuka ji da kunnenku tana da amfani sosai.

In kuma aka sake jin ihun da dare, yayyenki maza su buga ƙofar su yi sallama da ƙarfi, sau da yawa jin muryar wani namiji a soro kaɗai ya isa ya sa ya sauke hannu. In ya ƙi buɗewa a kira 'yan sanda. Ki rubuto min yadda kuka yi da Hajiya.