Kafin ka hau jirgin ruwan shaƙatawa da Hajiya, fara duba fasfonta

Wani ɗan'uwa ɗan asalin Jekadafari a nan Gombe, wanda yau shekararsa huɗu yana aikin jinya a Ingila, ya aiko mini da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Mahaifiyata za ta zo mana ziyara a watan Agusta. Tun rasuwar mahaifinmu ba ta huta ba, ita ta yi wahalar karatunmu. Na ga tallan wani babban jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, kwana bakwai daga Southampton zuwa Norwe, kuma farashin bai fi ƙarfina ba. Mu biyar ne: ni, da maiɗakina, da yaranmu biyu, mai shekara tara da mai shekara huɗu, sai Hajiya. Dukanmu fasfon Najeriya muke riƙe da shi. Yaya zan yi tafiyar ta zo da sauƙi, kuɗin kuma kada ya wuce lissafina?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka maka da alheri bisa wannan niyya. Na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai, domin ba kowane ɗa ne yake tuna cewa uwa ma tana buƙatar hutu ba. Sai dai ka faro lissafin daga wutsiya. Abokan aikinka Turawa farashi suke fara dubawa saboda fasfonsu ya riga ya buɗe musu ƙofofi. Mai koren fasfo kuwa, takarda ce take zaɓa masa jirgi. A cikinku biyar ɗin nan, wadda takardunta suka fi rauni ita ce Hajiya, don haka da ita za a auna tafiyar gaba ɗaya.

Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin ƙasashe 29 na yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Takardar zamanka ta Ingila ba ta shigar da kai can, bizar ziyarar Hajiya ma haka. Kowannenku sai ya nemi bizar Shengen, har da ƙaramin yaron. Kada wani ya ce maka ai idan jirgi ya tsaya sai Hajiya ta yi zamanta a ɗaki ba ta sauka ba. Kamfanonin nan a bakin ƙofa suke duba takardun duk ƙasashen da jirgin zai ratsa, wanda bai cika ba ba ya hawa, kuma ba a mayar masa da ko sisi, tunda a yarjejeniyar da ka sa wa hannu an ɗora maka nauyin biza. Lokacin da nake zaune a can na ga wannan da idona: wani magidanci ɗan Afirka ta Yamma da iyalinsa, akwatuna a jere, yara sun ci ado, aka ce su koma gefe saboda bizar mutum ɗaya. Har yau ina tuna yadda matar ta zauna a kan akwati ta rufe fuska da gyale.

Ga inda aka fi tuntuɓe. Bizar Shengen ana neman ta ne a ƙasar da mutum yake zaune bisa doka. Kai da iyalinka a Ingila za ku nema. Hajiya baƙuwa ce a can, saboda haka tata a Najeriya za a nema, a Abuja ko Legas, kafin ta taso. Idan ka bari sai ta sauka a Landan sannan ka fara neman layi, aikin gama ya gama. Ke nan tafiya biyu ce a gabanta kafin tafiyar: ɗaya ta bizar Ingila, ɗaya ta Shengen, kowacce da ɗaukar hoton yatsu da zuwa da kanta. Ka lissafa kuɗin jirgin sama daga filin Lawanti na Gombe zuwa Abuja ko wahalar mota ta Bauchi da Jos, da masauki, da ƙaninka da zai raka ta. Wannan kuɗi ba ya cikin tallan da ka gani.

Kuɗin bizar kanta yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, yuro 45 ga yaro mai shekara shida zuwa ƙasa da sha biyu, wanda bai kai shida ba kyauta. Ku biyar ya kama yuro 315, ban da ladan cibiyar da take karɓar takardu. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida a tafi, amsa kan fito cikin kwana 15, wani lokaci ta kai 45, sai dai samun ranar ganawar shi ne babban aiki idan lokacin zafi ya ƙarato. Dole a haɗa da inshorar lafiya da za ta ɗauki aƙalla yuro 30,000. Fasfo kuma, dokar Shengen wata uku take nema bayan ranar fitowa, amma kamfanonin jiragen ruwa da yawa wata shida suke so, to ka yi aiki da shida. Yau ɗin nan ka sa a ɗauko fasfon Hajiya daga cikin adaka a turo maka hoton shafin farko. Idan ya kusa ƙarewa a fara sabunta shi a ofishin shige da fice na Gombe, a kuma tabbatar sunanta da ranar haihuwarta sun yi daidai da abin da ke kan NIN ɗinta, don saɓanin harafi ɗaya yana cin makonni.

Da ni ne kai, da na fara duba jiragen da suke zagaya Birtaniya kawai, masu tsayawa a Liverpool da Belfast da tashoshin Sikotilan irin su Greenock da Invergordon da tsibirin Orkney. Waɗannan duk cikin Birtaniya suke, bizar da ke hannunku ta wadatar, Hajiya kuma za ta ga teku da duwatsu har ta gode Allah. Amma ka karanta jerin tashoshin ɗaya bayan ɗaya. Da yawansu suna leƙa Dublin ko Cobh, waɗanda suke Jamhuriyar Ailan, ita kuma bizarta daban ce, ba ta Ingila ba, ba ta Shengen ba. Wasu suna ƙarewa da tsayawar yini guda a Faransa. Tasha ɗaya irin wannan ta isa ta rushe shirin. In kuwa zuciyarka ta kafe kan Norwe, babu laifi, kyawunta ya kai a sha wahala dominsa, sai ka nemi biza mai shiga da fita sau da yawa, ka kuma tambayi kamfanin a rubuce wace biza masu fasfon Najeriya suke buƙata, ka ajiye amsar.

Ofishin jakadanci zai so ganin shaidar ka kama wuri a jirgin, kai kuma ba ka son zuba kuɗi kafin biza ta fito. Mafita ita ce ka biya kafin alƙalami kaɗai, ka san ranar da za a nemi cikon, wadda galibi takan kama wajen wata uku kafin tashi, ka yi ƙoƙari amsar biza ta riga ta. Farashin da ya fi kowanne araha sau da yawa shi ne wanda ake biya duka nan take kuma ba a mayarwa. Ga wanda bizarsa ba ta fito ba, wannan arahar ba ta ado.

Game da aikinka, ka nemi hutu tun yanzu a rubuce, ka kuma karɓi wasiƙar wurin aiki mai nuna matsayinka da ranar dawowarka. Wa'adin katin BRP, wato katin shaidar izinin zama a Birtaniya, ya ƙare tun ƙarshen 2024, an koma bizar intanet, don haka ka shiga asusun kowannenku, har na yara, ka tabbatar fasfon da za ku yi tafiya da shi ne aka haɗa da shi. Idan kana hanyar neman takardar zama ta dindindin, ka riƙa rubuta duk ranar fita da ta dawowa. Ƙa'idar ita ce kada kwanakin da ka yi a waje su wuce 180 cikin kowane wata goma sha biyu. Mako guda ba komai ba ne, amma ranar cike fom za a tambaye ka shi.

Yanzu sai kuɗi. Abin da aka rubuta a talla kuɗin mutum ɗaya ne idan su biyu za su kwana a ɗaki. Wanda zai kwana shi kaɗai kusan ninki biyu yake biya. Kai kuma ba za ka haɗa mahaifiyarka da matarka da kai a ɗaki ɗaya ba, ko da akwai gadaje, kunya ba za ta bar kowa ya sake ba. Ka kama ɗaki biyu maƙwabtan juna, ka rubuta babban yaron tare da kakarsa. Ka tsira daga wancan ƙarin, ita kuma ta samu ɗan aike da abokin hira. Ɗakin ciki marar taga shi ya fi sauƙi, ku ɗauke shi, barci kawai za ku yi a ciki. Hajiya ce nake so ka ƙara wa kuɗi a samo mata mai taga, saboda ta ga fitowar rana da faɗuwarta ta san lokacin sallarta. A zaɓa mata hawa na ƙasa, a tsakiyar jirgi, inda girgiza ta fi sauƙi. Wadda iyakar ruwan da ta sani shi ne dam ɗin Dadin Kowa, Tekun Arewa zai iya sa ta jiri, ka tambayi mai kantin magani abin da ya dace da shekarunta da magungunan da take sha.

Agusta shi ne watan tsada, domin kowa yana hutu. Hutun makaranta na mako guda na ƙarshen Mayu sau da yawa ya fi sauƙi, in zuwan Hajiya zai iya matsowa. Kada ka cire yara daga makaranta don neman araha: tarar a Ingila fam 80 ce ga kowane mahaifi kan kowane yaro, kuma mai bizar aiki ba ya buƙatar sunansa a kowane irin littafin laifi.

A cikin jirgin ne kuɗi yake zurarewa ba a ji ba, saboda ba a taɓa tsaba, kati kawai ake miƙawa, sai daren ƙarshe a kawo lissafi. Ka tambaya ko tukuicin ma'aikata yana cikin farashi. Kamfanin jiragen ruwa na P&O ya haɗa shi a ciki, manyan kamfanonin Amurka kuwa kullum suke cirewa kan kowane mutum, har da yara, kuma na mutum biyar a kwana bakwai kuɗi ne na gaske. Za a yi ta tallata maka tsarin abin sha na mako, yawancin kuɗinsa na giya ne, ba ruwanka da shi. Ruwa da shayi da kofi kyauta ne a wurin cin abinci na kowa. Wayoyi duka a sa su a yanayin jirgin sama da zarar an bar gaɓa, domin layin teku ta tauraron ɗan'adam yake bi, kiran minti kaɗan zuwa Gombe zai ci abin cefanen mako. A bari sai an sauka gari a kira gida. Yawon da kamfani yake shiryawa a kowace tasha ma da tsada, kuma gari irin Bergen ko Stavanger da ƙafa ake shiga daga bakin ruwa. Sai dai jirgi ba ya jiran wanda ya fita da kansa ya makara. Ku dawo da sauran awa guda, kuna tafiya a hankali daidai takun Hajiya.

Likitan jirgi kuɗi yake karɓa, NHS, hukumar kiwon lafiya ta gwamnatin Birtaniya, ba ta bin ka cikin teku. Inshorar da za ka saya ta zama wadda ta ambaci tafiyar jirgin ruwa ƙarara. Yawancin kamfanonin inshora na Ingila mazauna ƙasar kaɗai suke ɗauka, don haka ta Hajiya a nemo ta daga Najeriya, a kuma faɗi gaskiyar ciwonta, hawan jini ne ko suga, don ɓoyewa tana ɓata inshorar ranar da ake buƙatarta. Magungunanta su zauna a jakar hannu cikin kwalayensu. In maiɗakinka tana da juna biyu, ba a ɗaukar wadda cikinta zai shiga mako na 24 kafin a dawo.

Abincin halal sai an nema tun makonni kafin tashi, kuma a rubuce. In bai samu ba, kifi da ƙwai da shinkafa da ganye ba sa yankewa, sai dai a riƙa tambaya ko an sa giya a miya ko kayan zaƙi. Ɗan yaji a kwalba zai gyara mata baki. Kilishi da dambun nama kuwa kada ta ɗauko, an hana shiga da nama Ingila da ƙasashen Turai daga Najeriya. A bar kaskon turaren wuta a gida, haka dutsen guga da butar lantarki, domin babu abin da ma'aikatan jirgi suke tsoro kamar gobara, kuma za a ƙwace su tun a ƙofa. Butar alwala ta roba dai a saka ta a akwati. Alƙibla tana juyawa yadda jirgi yake juyawa, a Norwe kuma dare gajere ne ƙwarai a watannin zafi, don haka ta zauna da malaminta kafin ta taso ya warware mata hukuncin ƙasaru da sallah a cikin jirgi, hankalinta zai fi kwanciya da maganarsa.

Saura abu ɗaya da ba ka tambaya ba. Hotunan tafiyar nan za su iso Gombe kafin ku sauka, kuma Satumba watan kuɗin makaranta ne. Ka kira yayyenka da ƙannenka tun kafin ka biya, ka gaya musu cewa hutu kake so ka ba Hajiya, ka daɗe kana tara kuɗinsa, kuma abin da ka saba aikowa duk wata ba zai ragu ba. Idan kuwa sai an taɓa wancan kuɗin ko an ci bashin kati tafiyar za ta yiwu, a ɗaga ta zuwa baɗi. Sannan ka tambayi ita Hajiyar, ba ta bakin kowa ba. Iyayenmu mata sukan ce "to" don kada su ɓata wa ɗa rai. Ka ajiye mata zaɓi biyu a gabanta, jirgin ruwa ko Umara, ka yi shiru ka saurari wanda muryarta za ta ɗaga a kansa. In ta zaɓi teku, turo mini jerin tashoshin jirgin da ranar ƙarewar fasfo biyar ɗin nan, mu duba tare kafin ka biya kafin alƙalami.