Filin Anti: Wasan "Wa Ya Fi Sanin Wani?"

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Mu biyar ne ƙawaye tun daga makarantar kwana, kuma duk mun yi aure. Kowace shekara bayan Babbar Sallah mukan haɗu da mazajenmu a gidan ɗaya daga cikinmu a ci nama a yi zumunci. Bana ni ce mai masauki. Abin da ke damuna, da an gama cin abinci sai maza su ware suna gardamar siyasa da ƙwallo, mu ma mu ware, har a tashi. Na ga wani wasa a waya inda ake yi wa miji tambayoyi a kan matarsa, ita ma a yi mata a kansa, a ga wa ya fi sanin wani. Daga ina ya fito, kuma yaya zan shirya shi ba tare da wata ta koma gida da ɓacin rai ba? Biyu daga cikinmu suna da abokan zama. Ƙanwarki daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya bar zumunci. Na ji daɗin tambayar nan, domin sana'ata abincin biki ce, kuma na sha tsayawa a bayan kuloli da ludayi a hannu ina kallon ana wannan wasa. Na ga inda ya yi kyau, na ga inda ya kwaɓe.

Asalinsa shirin talabijin ne na Amurka mai suna The Newlywed Game, wato wasan sababbin aure. Tashar ABC ce ta fara nuna shi ranar 11 ga Yuli, 1966. Chuck Barris ne ya shirya shi, wani matashi mai shekara 28 da ake kira Bob Eubanks ya riƙa gabatarwa. Ma'aurata huɗu ake kawowa, waɗanda aurensu bai kai shekara biyu ba. Sai a fitar da matan, a yi wa mazan tambaya uku su faɗi amsar da suke zaton matansu za su bayar, a rubuta a kati. A dawo da matan a maimaita musu, duk amsar da ta zo ɗaya maki 5. Sannan a fitar da mazan a juya, wannan karon maki 10, da wata tambaya ta ƙarshe mai maki 25 wadda takan kifar da lissafi gaba ɗaya. Waɗanda suka ci sukan tafi da kayan gida. Tun kafin shi akwai wani mai kama da shi, Mr and Mrs, da ya fara a Kanada a 1963, ya kuma daɗe ana yinsa a Birtaniya. Daga waɗannan shirye-shirye ne mutane suka kwaso wasan suka shigo da shi falo da wuraren biki.

Amma ki riƙe abu ɗaya. Mai talabijin masu kallo yake nema. Idan mata ta harari mijinta ko ta maka masa katin a ka saboda ya kwafsa, shi riba ya ci. Shi ya sa suke cusa tambayoyin shimfiɗa, har suka samo wata kalma ta sakaya zance don kada hukumar tashar ta hana. Shi da an kashe fitila ya tafi gidansa. Ke kuwa mutanen nan naki ne, baɗi ma da su za ki ci nama. Ki ɗauko tsarin wasan, tambayoyin kuma ki rubuta naki.

Kayan aikin ba su da yawa: kwali fari ki yanka shi gida-gida, maka baƙa ɗaya ga kowane mutum, da wanda zai riƙe lissafi. Tun da ku biyar ne kuma ke ce mai gida, ki zama mai tambaya, saura huɗu su yi wasa, daidai da na asali. Wanda za a fitar, a karɓi wayarsa a ajiye a faranti kafin ya fita, in ba haka ba saƙo zai riga shi dawowa. A kai su can tsakar gida inda ba sa jin falo. Kada tambayoyi su wuce bakwai gaba ɗaya. Minti arba'in ya isa, a tashi ana marmari. Kyauta kuma ta zama abin da su biyun za su mora, kamar fulas ɗin shayi ko kular abinci. Ki tanadi ɗan turaren wuta ga waɗanda suka zo na ƙarshe, kada su fita hannu rabbana.

Tun ana saura mako ki gaya wa kowace ƙawa ta shaida wa maigidanta. Namiji ba ya son a yi masa ba-zata a gaban maza 'yan'uwansa. Wanda ya ce shi ba zai yi ba, a ba shi alƙalanci, ba a ja da shi. Kuma ki tuna da yawanmu ba ma kiran sunan miji. Ki ce "Abban wance" ko "maigida", yadda kowace ta saba.

Tambayar kirki ita ce wadda ko an faɗi, dariya za a yi. Cokali nawa na sukari yake sa wa a shayi? Tsakanin miyar kuka, taushe da busasshiyar kuɓewa, wacce zai zaɓa in an jera masa? Wace sura ya fi yawan karantawa idan ya ja ku sallah a gida? Me ya fi mantawa idan zai fita, hula, makulli ko caja? Su kuma maza: a wane wata na Musulunci aka ɗaura aurenku? Wace kalar atamfa ce ta fi yawa a durowarta? Wa take fara kira idan ta samu labari mai daɗi? Ki riƙa ba da zaɓi uku a yawancinsu, yana rage wa mutum kunyar barin kwali fari fat.

Waɗanda ba za ki taɓa ba: shimfiɗa, tsohuwar budurwa ko tsohon saurayi, albashi, yawan sadaki, zancen haihuwa, da duk tambayar da za ta auna mata da uwar miji. "Girkin wa ya fi daɗi, na Hajiyarka ko na matarka?" Na ji an yi ta a wani dina, ango ya yi ta gumi a cikin babbar riga, ga uwa zaune ga amarya zaune. Maganar shimfiɗa kuwa ta wuce rashin kunya. Hadisi ne a Sahihu Muslim cewa yana daga mafi sharrin mutane a wurin Allah ranar alƙiyama mutumin da zai kaɗaita da matarsa sannan ya fita yana yaɗa sirrinta. Dariyar falo ba ta kai wannan ba.

Sai batun ƙawayenki biyu masu abokan zama, kuma nan nake so ki nutsu, domin wasan a ƙasar da namiji ke auren mace ɗaya kawai aka ƙera shi. Shekara uku da suka wuce na kai abinci wata liyafa a nan Kano. Aka zo wasan, aka tambayi wani Alhaji turaren da Hajiyarsa ta fi so. Ko tunani bai tsaya yi ba, ya rubuta, ya ɗaga kwali yana murmushi: humra. Ita kuwa abin da ta rubuta, turaren wuta kawai, don humra ciwon kai take sa ta. Duk matan wurin sun san mai humrar, amaryarsa ce da aka bari a gida. Wasu maza suka yi dariya don ba su gane ba. Hajiya ta yi murmushi ita ma, ta ninke kwalinta biyu, ta sake ninkewa huɗu, ta tura a jaka, ta gyara mayafi. Can ta taso ta zo wurina neman ruwa. Da na miƙa mata kofin na ga hannunta yana rawa. Farfesun da ta ce tun da farko in ajiye mata, har aka tashi bai bar kula ba.

Mutumin nan ba mugu ba ne, ƙwaƙwalwa ce ta haɗa masa layi. Amma ciwon da ya shiga bai san da wannan uzuri ba. Saboda haka idan akwai mai mata biyu a cikin wasa, kada ki tambayi maza abin da mata "ta fi so", turare ne, abinci ne ko tufafi, nan ne ake cakuɗawa. Ki tambaye su abin da ya faru tsakaninsu su biyu kaɗai: a ina ya fara ganinta, wa ya raka shi zance ranar farko, wace unguwa suka fara zama. Kuma ki yi wa dukkan mazan irin wannan, kada a gane don wa aka yi.

Kada labarin Hajiya ya sa ki fasa. Da Ƙaramar Sallah ta bara 'ya'yana suka tasa mu gaba ni da babansu sai mun yi. Autata ce mai tambaya. Ta ce, "Me Mama take yi idan ranta ya ɓaci?" Na rubuta nawa na kife. Da ya juyo nasa sai na ga ya rubuta: "Takan shiga kicin ta sake wanke tukwanen da aka riga aka wanke." Kalma kusan ɗaya da tawa. Shekara 26 muna tare, bai taɓa nuna min ya lura ba. Na rasa abin cewa, sai da na tashi na shiga ɗaki na share ido. Abin ya tuna min da hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya ce mata yana gane lokacin da take farin ciki da shi da lokacin da take fushi: in tana farin ciki takan ce "na rantse da Ubangijin Muhammadu", in tana fushi ta ce "da Ubangijin Ibrahim". Ta amsa da cewa sunansa kawai take ƙaurace wa. Ki sa tambaya ɗaya irin wannan ta zama mai maki 25 ɗinki. Allah ya sa a yi taro lafiya.

Tambaya: Anti, ni ce babbar ƙawar amarya, kuma gidansu ba sa yarda da dina ko cakuɗa maza da mata. Za mu iya yin wasan a wunin ƙawaye? 'Yarki daga Maraɗi.

Amsa: Ƙwarai kuwa 'yata, ni ma wannan ya fi kwanta min. Ki ba yayan amarya ko abokin ango tambayoyi goma, ango ya amsa kowace da saƙon murya daban. Ranar wuni ki tambayi amarya, ta ba da amsarta, sannan ki kunna muryarsa a sifika. Duk wadda ta ci ƙawaye su yi mata liƙi da guɗa. Ki fara sauraron saƙonnin ke kaɗai kafin ranar, domin angwaye sukan zarme, kuma gwaggonni sukan leƙo.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. An yi wannan wasa a taron abokan aikinmu, tambaya shida aka yi min a kan iyalina, ɗaya na ci. Ita ta ci biyar. Ban san lambar takalminta ba, ban tuna watan haihuwarta ba. Yau kwana tara ke nan daga gaisuwa sai "abinci na kan tebur". Na ce mata wasa ne, ta ce ta sani. Ni dai ban rage ta da komai ba. Mene ne laifina? Wani magidanci daga Kaduna.

Amsa: Malam, barka kadai. Na yarda ba ka rage ta da ci da sha da sutura ba, Allah ya ƙara buɗi. Amma ka dubi abin ta wurinta. Ta san cokalin sukarinka saboda kullum ita ke zubawa, ta san lambar takalminka saboda ita ke gogewa ta jera. A gaban matan abokanka aka nuna cewa ita tana kallonka, kai kuma ba ka kallonta. Kalmar "wasa ne" da kake maimaitawa ƙara mata zafi take yi, don tana jin kamar ka ce abin da ya dame ta ba komai ba ne. Ka daina faɗinta.

Ka sami lokacin da yara suka yi barci, ka ajiye waya, ka ce mata ka ji kunya ranar nan kuma ita ce da gaskiya. Sannan ka ɗauko tambayoyin nan biyar da ka faɗi ka yi mata su ɗaya bayan ɗaya, ka saurara har ta gama, ko da ta fara da guntun tsaki. Watan haihuwar ka sa shi a kalandar wayarka a gabanta. Takalmin kuma ba sai ka tambaya ba, yana nan a bakin ƙofa kana tsallake shi kullum. Ka juya shi ka duba lambar, ka biya Kasuwar Barci ko inda ka saba sayayya kafin Juma'a, ka zaɓo kalar da ka ga ta fi yawa a cikin mayafanta.