Yadda za ka fassara savant ba ka yi ɓaranɓarama ba

Ka tambaye ni ko "masani" ya isa a duk inda ka ci karo da savant. Bai isa ba, ɗana. Kafin ka taɓa alƙalami, duba daga wane harshe labarin ya fito.

In da Faransanci ne, kamar takardun da ke zuwa daga Yamai ko Damagaram, hankalinka kwance. Kalmar ta fito daga savoir, wato sani, kuma tana nufin mai zurfin ilimi. Da Napoleon, jagoran sojan Faransa, ya shiga Masar a 1798, ya tafi da savants sama da 150, masu lissafi da injiniyoyi da masu nazarin tsirrai. Waɗannan "masana" za ka ce. Amma kula idan siffa ce: chien savant kare ne da aka hora yana wasa a gaban jama'a, ba ruwansa da malanta.

Ingilishin yau shi ne mai tarko. Tsohuwar ma'anar tana nan a littattafai, amma a jarida galibi ana nufin mutum mai lalura a ƙwaƙwalwa, sau da yawa otizim (lalurar da ke shafar magana da cuɗanya da mutane), wanda Allah ya ba shi baiwa ta ban mamaki a fanni ɗaya tak: kiɗa, zane, lissafi ko hadda. Wani za ka ba shi kwanan wata na shekaru aru-aru, nan take ya ce maka Talata ce, amma ɗaura maɓallin riga sai an taimake shi. Kim Peek na Amurka, wanda ya rasu a 2009, ya haddace dubban littattafai. Stephen Wiltshire na Landan kuwa, a zaga da shi birni a jirgi mai saukar ungulu, ya sauko ya zana shi gini-gini daga ka.

A nan kalma ɗaya ba ta ɗauka. Karon farko rubuta "mai lalurar ƙwaƙwalwa da ke da baiwa ta musamman a zane", ka ambaci fannin. Daga baya "mai baiwar" ya wadatar. Kada ka ce "mai taɓin hankali", ƙarya ce kuma cin fuska ne ga iyalinsa. "Gwani" ma ban so ba, don mai sauraro tsangaya zai tuna, ga shi kuma ka ɓoye lalurar. Tsohon laƙabin nan idiot savant, da likita John Langdon Down ya yi amfani da shi a 1887, likitoci sun daina, kai ma kada ka juya shi zuwa "wawa mai ilimi".

In daga murya kake fassara, a bakin mutanenmu savant da servant kusan ɗaya suke fita. In ka ji civil kafin kalmar, civil servant ne, wato ma'aikacin gwamnati. In babu, mayar da sautin baya ka saurari jimlar gaba ɗaya.