Ka ce a kasuwar shanu za a yi kiɗan?

Ɗana na ga saƙonka tun jiya, sai da na karanta wa gwaggonka muka yi ta dariya, daga baya kuma jikina ya ɗan yi sanyi. Wai abokanka sun saya maka tikitin wasan kiɗa a Grande Halle ta La Villette da ke Faris, ka ji an ce da can kasuwa ce, shi ne kake tambaya ko a al'adarmu ya dace mutum ya shiga tsohuwar kasuwa da dare. Wa ya gaya maka wannan zancen ma? Kai da ko karar Maraɗi ba ka taɓa takawa ba.

To ni na shiga wurin nan tun da shanu a ciki. Sanyin 1973 ne, an tura mu kwas Faris, wani ɗan ajinmu da ubansa ke fataucin shanu ya ji ni ma ɗan dillali ne, ya ce sai na gani. Da asuba muka fito daga metiro a Porte de Pantin, hannuna ya ƙage don sanyi, tun kafin na hango rumfar wari ya tare ni, warin kashin shanu sak irin na gida, wallahi sai da na yi ƙwalla. Rumfar ƙarfe ce da gilashi tsawonta ya haura mita 200, tun 1867 take tsaye, tana cin shanu sama da dubu huɗu, ga su nan jere an ɗaure, numfashinsu na tashi kamar hayaƙi, ba tozo ba ƙaho na kirki amma ƙiba kamar su fashe. Dillalansu cikin manyan riguna da sanduna, suna latsa gindin wutsiya yadda kakanka ke yi. A bakin ƙofa akwai wurin ruwa mai gumakan zakuna, nan dabbobin ke sha, mayankar kuma tana ƙetaren ruwan da ya ratsa wajen. Ina tsaye ina kallon ƙibar nan, a aljihuna ga wasiƙar Baba yana gaya mini fari ya cinye shanun mutanenmu. Ban iya karyawa ba ranar.

Shekara ta zagayo, 1974 aka rufe komai. Motocin sanyi sun zo, ana yanka can ƙauye a kawo nama kawai, sabuwar mayankar da suka narka wa kuɗi ta zama asara. Sai 1985 aka sake buɗe rumfar an gyara ta don wasanni.

Zancen dare kuwa, Inna kan ce in kasuwa ta watse ta koma hannun masu ita, kada ka ratsa, in dole ta sa ka yi bisimilla kada ka waiwaya. Baba shi kuma cewa yake masu itan ɓarayi ne da kuraye. Kiɗa dai ba baƙon kasuwa ba ne, mahautanmu da kalangu suke shelar nama, muna yara daga jin sautinsa mun san an yi yanka mai kitse. Ku yanzu nama a leda kuke ganinsa.

Abin da ma ba ka faɗa mini ba, su wane ne abokan nan, kuma ƙarfe nawa ake tashi? Ka duba mini ko zakunan suna nan, ka turo hoto.