Ragon Sallah daga ɗan kwangila

Malam, ka ce ɗan kwangilar rijiyar burtsatse ya aiko maka rago da buhun shinkafa na goron Sallah, kuma kai ke duba aikinsa a ƙaramar hukuma, ko ka karɓa? Kada ka karɓa. Mayar masa yau ɗin nan, a gaban shaida.

Jadawali na 5 na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, wanda ya ƙunshi ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikatan gwamnati, ya ɗauki kyautar mai kwangila da gwamnati a matsayin saɓa doka, sai in an tabbatar da akasin haka. Ta dangi da abokai bisa al'ada ce aka yarje. Na gani a ƙauyenmu nan Jigawa: famfo ya ƙafe da bazara, yara na layi da jarkoki, jami'in da ya ci ragon kuwa ya kasa buɗe baki ya ce a sake haƙa.