Fatawa: Sana'ar Kilishi a Mancesta, Bashin Ruwa da Alkawarin Biza

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah shi gafarta Malam, ni ɗan Mabera ne a Sakkwato. Na tafi Ingila karatu, na kammala, an ba ni takardar zama wadda ta yarje mini in yi aiki ko sana'ar ƙashin kaina. Ina Mancesta da iyalina, kuma ina so in fara sayar da kilishi da yaji da daddawa da kuka ga mutanenmu na Najeriya da Nijar. Kawuna ya ce zaman nan haramun ne, duk abin da na samu babu albarka. Jarina bai kai ba, banki kuma zai ba ni rance da ruwa. Wani abokina ya ce malamai sun halatta kuɗin ruwa a ƙasar kafirai. Shi ne ya ce a riƙa ɓoyo mini kilishi daga gida a jakunkunan matafiya, kuma kada in yi rajista da masu haraji, tunda dukiyarsu ba ta da alfarma. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, sana'arka halal ce, zamanka kuma ya halatta muddin kana iya bayyana addininka. Rancen ruwa haramun ne a kanka a Mancesta kamar yadda yake haramun a Tsohuwar Kasuwa. Ɓoye kilishi a jaka da gudun haraji kuwa warware alkawari ne, kuma shi na fi ji maka tsoro, domin mutanenmu sun raina shi.

Maganar kawunka tana da tushe, kada ka yi masa kallon wanda bai san komai ba. Duk wanda ya karanta Risala a zauren malami ya biya inda Ibnu Abi Zaid ya ce an karhanta fatauci zuwa ƙasar abokan gaba. Mu kuma Sakkwatawa mun taso da labarin hijirar Shehu Usmanu daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Sai dai hukunci yana tafiya da dalilinsa. Shehu ya fita ne bayan sarakunan Gobir sun takura wa'azi, sun hana rawani da lulluɓi, sun kai ga taɓa jama'a. Wanda aka hana shi addininsa, hijira ta wajaba a kansa idan yana da iko. Wanda yake sallarsa a sarari, yana zuwa Juma'a, matarsa tana fita da hijabinta, misalinsa na kusa shi ne sahabban da Annabi (SAW) ya tura Habasha ƙarƙashin sarki Kirista, domin ba a zaluntar kowa a wurinsa. Ja'afar bin Abi Ɗalib bai dawo ba sai lokacin Khaibar, shekara ta 7 bayan hijira, alhali Madina ta daɗe da kafuwa. Sharaɗi ɗaya zan ɗora maka: ranar da ka ga addinin 'ya'yanka yana zubewa kuma ka kasa tare shi, hukuncin zaman ya canza, komai kyan kasuwa. Ka kira kawu ka faɗa masa wannan cikin ladabi.

Abokinka ya tsinci rabin magana. Gaskiya ne an ruwaito daga Imamu Abu Hanifa da almajirinsa Muhammad bin Hasan cewa kuɗin ruwa ba ya gudana tsakanin Musulmi da ɗan ƙasar yaƙi a can ƙasar tasu. Amma Abu Yusuf, babban almajirin Abu Hanifa, ya saɓa musu, haka Malik da Shafi'i da Ahmad. Abin da Abu Hanifa da Muhammad suka dogara da shi hadisi ne mursali (wanda ba a ambaci sahabi a sanadinsa ba) daga Makhul, wanda Shafi'i ya ce bai tabbata ba, alhali ayar Baƙara ta 275 ta zo a sake, ba ta ware ƙasa ba. Ko a wurin Hanafiyya ma, malamansu sun bayyana cewa manufar ita ce Musulmi ya kasance mai karɓar ƙarin. Kai kuwa kai za ka biya. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai cin kuɗin ruwa da mai bayarwa da marubuci da shaidu biyu, ya ce duk ɗaya suke. Wataƙila wani ya kawo maka fatawar majalisar malaman Turai ta 1999 da ta yi rangwame kan rancen banki. Ita gidan zama ta nufa, ga wanda ba shi da wata hanya, kuma malamai da dama sun yi mata raddi. Faɗaɗa jari ba larura ba ne.

To da me za ka fara? Abdurrahman bin Auf ya isa Madina hannu wofi. Sa'ad bin Rabi'u ya miƙa masa rabin dukiyarsa, Abdurrahman ya yi masa addu'a ya ce a nuna masa kasuwa, ya dawo da ɗan cuku da man shanu, kamar yadda Bukhari ya kawo. Ka fara da abin da ke hannunka. Adashi tsakanin mutanen kirki ya halatta, tunda kowa abin da ya zuba yake kwasa. Ƙiradi ma ƙofa ce a buɗe: wani ya kawo kuɗi, kai ka kawo aiki, ku yanka riba da kaso, rabi ko sulusi. Kada ku yanka wani adadi na fam da za ka riƙa ba shi kowane wata, kuma kada ya shardanta maka lamunin uwar kuɗi, domin asara a kan mai dukiya take sai in kai ka yi sakaci. Ku rubuta, ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Yanzu batun da ya fi damuna. Ka shiga ƙasar nan da biza, ka sa hannu kan sharuɗɗanta, aka amince maka da ranka da iyalinka. Wannan shi ne amana a harshen fiƙihu, kuma wanda ya shiga da amana, jinin mutanen ƙasar da dukiyarsu haramun ne a kansa. Ko Abu Hanifa da abokinka ke jingina da shi bai halatta ha'inci ba. Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura. Mugira bin Shu'uba ya yaudari abokan tafiyarsa a jahiliyya, ya kwashe dukiyarsu, ya zo ya musulunta, sai Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa, ya ce babu ruwansa da dukiyar. Huzaifa bin Yaman da mahaifinsa Ƙuraishawa sun kama su a hanya, suka sake su bisa alkawarin ba za su yaƙe su ba. Da suka zo ranar Badar, Musulmi ƙalilan ne, ana buƙatar kowane hannu, amma Annabi ya ce su koma, za mu cika musu alkawarinsu mu nemi taimakon Allah a kansu. An cika alkawarin mushrikai a ranar yaƙi. Ta ina za a halatta karya na mutanen da kake kai ɗanka asibitinsu da makarantarsu?

Dokar Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama daga ƙasashe irin namu, busasshe ne ko ɗanye, kuma ba don ƙeta aka sa ta ba. A 2001 cutar baki da kofato ta sa an hallaka dabbobi fiye da miliyan 6 a can. Hana cuta manufa ce da shari'armu ta yarda da ita. Ga kuma zunubin jefa mai jaka cikin ƙarya a filin jirgi, sau da yawa dattijuwa ce da ta je ganin jika, ta karɓi saƙo don kunya. Ka sayi naman da aka yanka bisa shari'a a Mancesta, ka yi kilishinka a can. Busasshen kaya irin su yaji da kuka, ka bincika ƙa'idar shigo da su, ka bi ta ƙofa. Ka yi rajistar sana'ar abinci da ƙaramar hukumarku kwana 28 kafin ka fara, kyauta ake yi. Idan abin da ke shigo maka ya wuce fam 1,000 a shekarar haraji, ka sanar da hukumar haraji, ka rubuta gaskiya. Kuma tunda labun kilishi da tunkuza ake haɗa shi, ka rubuta a jikin leda cewa akwai gyaɗa. Akwai waɗanda gyaɗa kan kashe. Dokarsu ta tilasta bayyanawa, hadisin hana cuta da cutarwa da ke Muwaɗɗa ya riga ta.

Ɗaliban da ke karanta wannan su lura: amsar ta wanda takardarsa ta yarje masa ce. Bizar ɗalibi a Birtaniya ba ta ba da damar sana'ar ƙashin kai, mai ita sai ya jira.

Haraji ba ya ɗauke zakka. Kai mai juya kaya ne kullum, don haka idan shekara ta zagayo ka ƙiyasta hajarka da farashin ranar, ka haɗa da kuɗin hannu da bashin da kake sa ran karɓa, ka cire bashin da ake bin ka. In ya kai nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, ka fitar da kashi 2.5 cikin 100. Injin yanka nama da firiji ba sa shiga lissafi. Asali a mazhabarmu a raba ta inda dukiyar take, amma an yarda a kai ta inda buƙata ta fi tsanani, kuma waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu a Isa da Sabon Birni suna cikin masu wannan buƙatar.

Allah ne mafi sani.