Re: MQTT zai iya tuƙa injin cika robar ruwa?

Malam Sani, ka tambaya ko MQTT, wato tsarin tura saƙo tsakanin na'urori, ta wayafai zai iya tsayar da bel ɗin injinka mai jan robobi daidai lokacin da sensa ta ga roba. Gaskiya kar ka fara. MQTT a kan TCP yake tafiya, wato ƙa'idar kai saƙo ta intanet, saƙo sai ya je wurin broka, kwamfutar da ke tsakiya tana rarraba saƙonni, sannan ya dawo, in fakiti ɗaya na saƙon ya ɓata sai an sake turowa, kafin nan ruwa ya malale a ƙasa. Na gani da idona a wata masana'anta a Idu nan Abuja, aka ɗauke wuta janareto ya tashi, rauta mai ba da wayafai na ta ƙoƙarin dawowa injin kuwa yana ta zuba abinsa.

Ka bar PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ya yanke hukunci a wurin, da waya. In akwai kuɗi EtherCAT na kamfanin Beckhoff ne maganin, tsarin haɗa na'urori ne ta waya, firam ɗaya, wato ƙunshin saƙo, ke ratsa duk na'urorin kowace ta ɗauki nata tana wucewa, zagaye ɗaya bai kai milisakan 1 ba. In aljihu ba nauyi, tsarin Modbus RTU da ke tura saƙo kan wayar RS-485 ya isa wannan aikin, tun 1979 ake amfani da Modbus, wayar kuma har mita 1200 tana kaiwa, kawai ka nisanta ta da kebul ɗin inbata mai juya motar injin saboda hayaniyar lantarki da ke ɓata saƙo.

MQTT ɗin ka bar shi wa lissafin robobi da oga zai duba a wayarsa.